Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Jadawalin Darussa

Zuwa ga Mai Girma Jadawalin Darussa, Sarkin Bango, mai rabon lokaci tsakanin malamai, wanda ke zaune bisa ƙusa huɗu a ɗakin malamai.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya tsare Mai Girma daga gara da yoyon damina, wannan takarda ta fito ne daga hannun mafi ƙanƙantar talakawansa, wato sabon malamin cike gurbi, wanda bai daɗe da samun aikinsa na farko ba a wata sakandaren gwamnati. Malamin cike gurbi shi ne wanda ake kawowa ya riƙe aji idan malama ta tafi hutun haihuwa, ko malami ya tafi ƙaro karatu, ko ya yi ritaya ba a turo madadinsa ba, kuma a makarantun arewacin Nijeriya an fi saninsa da malamin PTA, saboda ladansa yana fitowa ne daga ɗan kuɗin da ƙungiyar iyaye da malamai ke tarawa. Ba shi da lambar ma'aikaci, ba shi da matakin albashi, balle fansho. Iyakar abin da ya mallaka a hukumance shi ne sunansa a cikin akwatunan Mai Girma, shi ma da fensir aka rubuta.

A kan fensirin nan ƙarar take. Sunayen malamai na dindindin da biro suke, har ɗan bautar ƙasa, wanda kowa ya san shekara guda zai yi ya ɗauki jakarsa, an karrama shi da biro, wataƙila don alawus ɗinsa na naira 77,000 daga Abuja yake zuwa. Mai ƙara kaɗai aka bari a hannun kilina, wato robar goge fensir, wadda mataimakin shugaban makaranta ke ajiyewa a aljihun gaba kusa da zuciyarsa. Da safiyar yau mai ƙara ya iso da tsarin darasinsa a kan Daular Usmaniyya, ya tarar cikin dare an share shi daga Tarihi, an dasa shi a Fiziks na 'yan aji uku na babbar sakandare, darasi biyu a jere, minti 80 ba hutu, domin malamin Fiziks ya samu aiki a wani wuri. Da ya nemi bayani, amsar da ya samu ita ce, “Haba Malam, ai kai mai digiri ne.”

Gaskiya ne yana da digiri, a fannin Tarihi, kuma ya ɗora da PGDE, wato difloma ta koyarwa da ake yi bayan digiri, sannan ya yi rajista da TRCN, hukumar da aka kafa a 1993 domin tabbatar da cewa wanda ya tsaya gaban allo ya cancanta. Ya yi haƙurin ganin an cire fanninsa daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a shekarar karatu ta 2009/2010, ya kuma ga an dawo da shi a hukumance a 2022, don haka ranar da aka ce ya zo ya fara aiki gidansu ya cika da masu Allah-sanya-alheri, kuma tun daga ranar mai shayin unguwa ya daina kiransa da sunan yanka. Babu ɗaya daga cikin masu addu'ar da ya san cewa a wurin Mai Girma digiri duk digiri ne.

Darasin da ya tarar shi ne wutar lantarki, a kan dokar Ohm, wadda ke cewa ƙarfin turin lantarki daidai yake da yawan lantarkin da ke gudana idan aka ninka shi da turjiyar waya. Mai ƙara ya yi abin da ya iya. Ya shaida wa ɗalibai cewa an haifi Georg Ohm a Jamus a 1789, shekarar juyin juya halin Faransa, wanda ya ci minti goma na darasin ba da izininsa ba. Cewa mahaifinsa maƙerin makullai ne. Cewa shi kansa Ohm malamin sakandare ne a birnin Kolon lokacin da ya yi gwaje-gwajensa. Cewa ya buga littafinsa a 1827, manyan masana na ƙasarsa suka yi masa riƙon sakainar kashi har ya ajiye aiki. Cewa sai a 1841 Ingila ta ba shi lambar yabo ta Copley, kuma bai zauna a kujerar farfesan Fiziks a Munik ba sai 1852, saura shekara biyu ya mutu. Ɗalibai sun saurara da ladabi, wasu har sun tausaya wa mamacin. Daga nan wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, “Malam, ya ake lissafin idan waya biyu suna gefe da gefe?” Mai ƙara ya ari littafin monita, ya kwafe V = IR a kan allo da manyan baƙaƙe, ya ja layi biyu a ƙarƙashinsa, ya yabi tambayar, ya mayar da ita aikin gida.

Yaran nan za su zauna jarrabawar WAEC a watannin Mayu da Yuni, kuma a cikinta akwai ta gwaji, inda ake ajiye wa ɗalibi batir da waya da ma'aunin lantarki a ce ya haɗa, ya auna, ya zana jadawalin sakamako da hannunsa. Ranar nan babu wanda zai tambaye su sana'ar mahaifin Ohm. Kwalin da ke bango bai damu ba. Shi dai a cike masa akwati, domin a shari'arsa akwatin da ke da suna darasi ne da aka koyar, kamar mai ɗaura tayar a-daidaita-sahu a ƙafar tirela ya koma gefe yana murnar mota ta cika ƙafa. Idan jami'an sa ido suka zo, gabansa suke fara tsayawa, su bi layi da yatsa daga Litinin zuwa Juma'a, su ga babu gurbi ko ɗaya, su rubuta cewa makaranta tana da malamin Fiziks, alhali malamin Fiziks ɗin yana bayan ɗakin gwaji yana haddace abin da zai faɗa bayan tara. A 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, fiye da dubu 21 suka faɗi, aka sallame su, duniya ta ji. Har yau ba a ji inda aka zaunar da kwali aka tambaye shi dalilin da ya sa ya haɗa mai Tarihi da batir ba. Takardar banza, wadda ko sunan darasin ba ta iya rubutawa daidai ba, ita ce ke yanke wa yara fiye da 40 da manufar ilimi ta ƙasa ta ƙayyade wa aji, kai har ninkinsu, hukuncin abin da za su sani da abin da ba za su sani ba!

Sauran koke-koken ba su kai a ɓata musu tawada ba. Kujerar mai ƙara a ɗakin malamai ita ce ta duk wanda bai zo ba. Alli sai an sa hannu. Ladansa bai hango ko ƙurar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba, kuma yana tafiya hutu tare da ɗalibai. Dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki ba ta shafe shi ba, tunda kilina ba ta jiran ko ɗaya daga cikin biyun.

Saboda haka, tare da komawa ga ladabi gwargwadon abin da ya rage, mai ƙara yana roƙon Mai Girma abu biyu. Na farko, a mayar da shi Tarihi, a nemo wa yaran nan wanda ya san waya gefe da gefe, ko da aro ne daga makarantar da ke maƙwabtaka, kafin zango ya ƙare. Na biyu, idan hakan ya gagara, a riƙa sanar da shi sabon fanninsa kafin sallar isha'i, domin monita yana tafiya gida da littafinsa, kuma gidansu da nisa.

Wassalam, daga talakan Mai Girma,
Malamin cike gurbi, na Fiziks zuwa lokacin da aka rufe wannan takarda.