Gogan Naku da Tsohuwar Regileta

Duk wanda ya daɗe yana nutso a teku da tukunyar iska a bayansa, za ka tarar yana da wani kwali a ƙarƙashin gado, a ciki akwai tsohuwar regileta, wato na'urar da ke rage ƙarfin iskar tukunya har huhu ya iya karɓa. Ba ya shiga ruwa da ita, zuciyarsa kuma ba ta ba shi ya jefar. Masu hankali sukan bar ta nan ta huta. Gogan naku kuwa, mai wannan shafi, da yake zaune a Alƙahira kuma kwanan nan ya koyi nutso a Dahab, kuɗi ya sa ya sayo wadda wani ya gaji da ita. A Kasuwar Juma'a ya gan ta, a shimfiɗar wani dattijo, tsakanin tsofaffin kawunan famfo da ƙafar fanka. Sunan kamfanin ma ya goge. Ya biya abin da bai kai kuɗin hayar kwana biyu ba, ya tafi yana yi wa kansa kirari.

Abin da gogan naku ya raina ba wasan yara ba ne. Cikakkiyar tukunya tana ɗauke da iska mai matsin bar 200, kusan ninki ɗari na abin da ke cikin tayar mota. Kan regileta da ake ɗaurawa a wuyan tukunya yana sauke wannan zuwa bar 9 ko 10, sannan ɓangaren da ake cizawa a baki ya daidaita shi da nauyin ruwan da ke kewaye da mutum. Jikin tagulla ne, ba ya saurin mutuwa. Amma duk amanar tana hannun 'yan zobban roba, da wani faifan roba mai laushi, da ɗan mazaunin bawul da bai kai ƙwayar wake ba. Su ne ke bushewa, shi ya sa kamfanoni ke cewa a kai wa makaniki duk shekara ɗaya ko biyu.

Tun ranar farko ma na'urar da gardama ta zo duniya. Injiniya Emil Ganyan ya ƙera bawul ɗin ne don motoci su yi tafiya da gas lokacin da fetur ya yi wuya a Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu. Da aka mai da shi na numfashi a ruwa, a farkon 1943 mai nutso Jak Kusto ya shiga kogin Marn da na'urar. In ya miƙe tsaye iska ta yi ta kwarara, in ya juya kai ƙasa sai ta ƙi zuwa. Da suka matsar da mafitar iska kusa da faifan robar, magana ta ƙare, a 1946 aka fara sayar da ita.

Gogan naku ya san wannan tarihi, kuma shi ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Ya jiƙa ta cikin bokiti ba tare da ya toshe bakinta ba, ruwa ya shige inda bai kamata ba. Ya goge koren tsatsar da burushin haƙori. Sannan ya ɗauko man baselin ya shafe kowace roba har tana ƙyalli, alhali man silikon ake sa wa, domin mai irin na fetur yana kumbura wasu robobin.

Ranar gwaji aka yi sa'a a bakin kwamin wanka ne na wani otel a Dahab, ba a teku ba. Ya ɗaura, ya murɗa tukunya. Da farko shiru. Sai wani huci ya taso a hankali, ya rikiɗe ya zama ƙugi, bakin regiletar ya fizge daga hannunsa yana tsalle a kan siminti, yana feso ƙura da busasshen gishiri da fiffiken kyankyaso. Wata Bajamushiya ta kwashi ɗanta ta yi cikin otel ba takalmi. Gogan naku ya bi abin da gudu yana neman take shi da ƙafa, ya manta cewa rufe tukunya kawai zai yi. Wani yaro mai shara ne ya zo ya murɗa ta da yatsa biyu, ya koma kan tsintsiyarsa.

Makanikin wani shagon kayan nutso, wani Bamisire mai furfura, ya kwance ta a kan tawul, ya ɗaga wani zobe da ya koma kamar dafaffiyar taliya.

"Ya Ustaz, wa ya sa mata wannan man?"

"Haka na saye ta."

Ya shinshina zoben, ya dubi hannun gogan naku, bai ƙara magana a kai ba. Ya nuna masa mazaunin bawul da ya cinye. Iska tana silalewa ta nan, matsi yana hawa, sai ɓangaren baki ya buɗe ya zubar. Da bai zubar ba, mesar ce za ta fashe.

A wurinsa tsufa ba laifi ba ne, maraici ne matsala. Akwai irin su Conshelf da Scubapro Mk2 da suka shekara 40 suna aiki, saboda har yau ana samun kayan gyaransu. Dacor kuwa, tun da Mares ya saye kamfanin, kayanta suka yi ta ƙarewa, shaguna da dama suka daina karɓa. Masu mesa biyu na zamanin Kusto suna da masoya da ke saye da tsada, wasu na ajiye a gidan tarihin nutso na Islamorada a Amurka. Ta gogan naku ba ta tsufa har ta zama kayan tarihi ba, ba ta kuma da dangin da za a ara mata kaya.

Abin da ya rage shi ne ritaya. Makanikin ya samo wasu robobi da suka yi daidai, ya cire ɓangaren baki, ya sa ɗan bawul mai zubar da iska in matsi ya yi yawa, ya haɗa mata bakin hura taya. Masu nutso da yawa haka suke yi, wasu kuma su mai da ita abin busar da kaya. Kuɗin aikin ya ninka kuɗin sayen sau uku.

Sai a motar komawa Alƙahira lissafi ya faɗo wa gogan naku: na'urar ba ta aiki sai da tukunya, shi kuma ba shi da tukunya, ba shi da mota. Ya kai wa mai facin unguwarsu kyauta. Mutumin ya jujjuya ta, ya auna nauyin tagullar a tafin hannu, ya tambaya ko akwai irinta da yawa a gida, domin ƙaninsa yana saye a kilo.