Gidan Mai Ƙaho na Ridge da Mashayan Ataya na Alajo

Tun ranar da bakina ya suɓuce na ambaci haikalin 'yan Mormon da ke titin Independence a unguwar Ridge ta Akra, ban ƙara shan ataya cikin natsuwa a majalisarmu ta Alajo ba. Kowa ya zama shehi a kan lamarin. Wannan ya ce akwai ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Wancan ya ce a can ake buga dala. Wani kuma ya rantse cewa ɗan ƙanwar maƙwabcinsa ya taɓa yi wa mai gadin wurin facin taya, don haka babu abin da ya ɓuya masa. Da na ce, to, cikinku wa ya taɓa shiga? Sai kowa ya zura wa kofinsa ido kamar an ce allura ta faɗa ciki.

Ku kwantar da hankalinku, mutanen Alajo da Nima da Mamobi, shakkarku tana nan, ba zan ƙwace muku ba. Abin da na gani dai, kun ɗaure akuyar a inda babu ciyawa.

Baba Alhaji, da girmanka, kai ka ce mutumin zinaren da ke tsaye a ƙololuwar ginin da ƙaho a baki, Israfilu ne suka sassaƙa. A gafarce ni, Baba, Moroni suke ce masa, mala'ikan da suka yi imani ya nuna wa Joseph Smith faifan zinaren da Littafin Mormon ya fito daga ciki, kafin ya kafa cocin a 1830 a jihar Niyok. Zinaren ma shafe ne kawai a kan gunkin roba mai ƙarfi. Saboda haka samarin da ke lissafin tsawon tsani su huta.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne an taɓa buɗe muku ƙofar nan. Al'adarsu ce, kafin a keɓe sabon haikali sai a bar kowa ya zagaya ɗaki ɗaki. An yi haka a Akra a Disamban 2003, kafin shugabansu Gordon Hinckley ya keɓe ginin ranar 11 ga Janairu, 2004. Kuɗin torotoro ɗaya ne daga nan. Ina kuke? Kuna nan kuna fifita gawayi, kuna jiran zagaye na uku.

Yanzu kam sai da kati, kuma ba kowane ɗan cocin ke da shi ba. Shugabanninsa biyu za su zaunar da shi su tambaye shi ko yana ba da ushiri, wato ɗaya cikin goma na abin da ya samu, ko yana tsare aurensa, ko ya nisanci giya da taba da kofi da ganyen shayi. Kun ji na ƙarshen? Ganyen shayi. Ko da a ce duk majalisar nan ta karɓi addininsu gobe, Allah ya kiyaye, butar nan kaɗai ta isa ta bar mu a waje. Milo ya halatta a wurinsu, amma wa zai zauna har ƙarfe biyun dare yana gardamar ƙwallo a kan Milo?

Wani malami a cikinmu ya ce duk ɗakin ibadar da ke tantance masu shiga akwai lauje cikin naɗi. Na ce, Malam, kai da ka je Makka sau biyu, ba ka ga allon da ke hanyar Jidda ba, wanda ke nuna wa waɗanda ba Musulmi ba inda za su karkata? Ya ce wannan daban. Na ce haka su ma suke cewa. Ranar Lahadi ma haikalin a rufe yake, ibadar mako a ƙananan majami'unsu ake yi, waɗanda kowa ke iya shiga. A haikali ana ɗaura auren da suke cewa zai wuce kabari, ana ɗaukar alkawura, ana kuma yin baftisma a madadin matattu.

Yauwa, Hajiya mai wake da shinkafa, a nan ne na ga kin ajiye ludayi. Kin ce, "Wato har kakana?" Su dai suna cewa tayi ne kawai, mamacin na iya ƙi, kuma ƙa'idarsu mutum ya kawo sunan danginsa kaɗai. Amma Yahudawa sun tarar da sunayen 'yan uwansu da aka kashe a zamanin Hitila a cikin jerin waɗanda aka yi wa baftismar, har aka yi yarjejeniya a 1995 cewa za a daina. Ga kuma FamilySearch, sashensu na tarihin zuri'a, da ke aika mutane ƙauyukan Gana suna naɗar sunayen kakanni daga bakin tsofaffi. Tambayarki tana da ƙafa, Hajiya. Ta fi ta ɗakin ƙarƙashin ƙasa nesa ba kusa ba.

In shakka ce, tsohon shugaban ƙasa Rawlings ya riga ku. A Yunin 1989 gwamnatinsa ta dakatar da cocin tare da Shaidun Jehobah, ta kori 'yan mishan, ta garƙame majami'u, mabiya suka koma ibada a ɗakunansu har ƙarshen Nuwamban 1990. A 1998, yana kan mulki, Hinckley ya zo Akra ya sanar da gina haikalin. Mai bindiga ya sauko, ku masu buta kuna nan a sama.

Ga inda ciyawar take. Har zuwa Yunin 1978, baƙar fata ba ya zama firist a cocin nan, ba ya kuma samun auren haikali. Billy Johnson ya fara tara mabiya a Gana tun 1964, ya yi shekara 14 yana aika wasiƙu Amurka yana jiran a zo a yi masa baftisma. Sai da shugabansu na lokacin Spencer Kimball, wanda suke ɗauka annabi, ya ce an yi masa wahayi aka janye hanin. A 2013 cocin ya fito ya nesanta kansa da tsofaffin hujjojin cewa baƙar fata la'ana ce. Mabiya suna cewa ai amfanin annabi mai rai ke nan, ana gyara. Waɗanda suka bar cocin suna cewa abin mamaki ne yadda wahayi ke sauka daidai lokacin da matsin duniya ya yi yawa, kamar yadda aka daina auren mata da yawa a 1890 bayan gwamnatin Amurka ta shaƙe su. Wannan gardamar ta cancanci gawayi buhu guda.

Aikin haikalin ma ya sha sauyi. Na farko, na Kirtland a Amurka a 1836, wurin taro ne da makaranta. Daga baya ya zama gidan da ake shiga da kati. An rage wasu sassan ibadar a 1990, an sauya lafazin alkawarin mata a 2019, a shekarar kuma aka daina sa ma'aurata jiran shekara guda in sun fara ɗaura aure a waje, inda iyayen da ba su da kati za su iya halarta. A 1980 haikalan ba su kai 20 ba a duk duniya, yau sun haura 200. Masu suka suna cewa gini ya fi masu shiga gudu, kuma kati hanya ce ta tabbatar da ushiri bai yanke ba. Suna tuna tarar dala miliyan 5 da hukumar kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci cocin da kamfanin jarinsa a 2023 kan ɓoye girman dukiyarsu. Ɗan cocin da ke Kaneshi kuwa zai ce maka kafin 2004 sai ya nemi kuɗin jirgi zuwa Johannasbag ko Landan, yanzu torotoro ya ishe shi.

Wanda ya ce ginin da kuɗin waje ya yi abin tuhuma ne, ya rage murya in za mu wuce babban masallacin Kanda, kada Turkawa su ji. Shi dai na Ridge an gama shi, ba kamar ramin babban cocin ƙasa da ke can gaba kaɗan ba.

Af, sun ma roƙi a daina ce musu Mormon tun 2018, sunansu Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Na san ba za ku iya ba.

An sanar da sabon haikali a Kumasi a 2021, da wani a Cape Coast a 2023. Kafin a keɓe kowanne za a buɗe wa jama'a. Baba Alhaji, Malam, Hajiya, kuɗin mota a wuyana, ku dai ku bar butar a gida.