Masu Hanya a Gidan Soja

Da zarar rundunar soja ta ba da sanarwar ɗaukar sababbin hafsoshi, sai wasu mutane su ɓullo a gari kamar shinge bayan ruwan farko. Duk shekara ba a jin ɗuriyarsu, yau ga su, kowa da hanyarsa. Hukuma takan rubuta ɓaro-ɓaro cewa a nemi aikin ta shafinta na intanet, kada a ba wani ɗan tsakiya ko kwabo. Mu kuwa ba mu cika yarda da ƙofar da aka bari a buɗe ba. Hankalinmu ya fi kwanciya da wanda ya ja mu gefe ya yi mana raɗa.

Ƙofofin kuma ba ɓoyayyu ba ne. Yaron da ya gama sakandare, mai shekara 17 zuwa 21, zai zauna jarrabawar JAMB ya nemi NDA ta Kaduna, wadda take horar da hafsoshi tun da aka kafa ta a 1964. In ya dace, ya yi shekara biyar ya fito da anini ɗaya a kafaɗa. Wanda ya riga ya yi digiri ya gama bautar ƙasa, likita ne ko lauya ko injiniya, yana da nasa gajeren kwas na watanni. Defot ta Zariya kuwa, da take nan tun 1924, kurata take horarwa. Tsakanin ranar cika fom da ranar fitowar sunaye akwai dogon shiru na watanni, kuma a cikin wannan shirun mutanen namu suke kiwo.

Wanda ya fi kowa yawa shi ne Mai Litinin. Shi da gaske a bariki yake aiki, yana da katin shaida, masu gadin ƙofa suna ɗaga masa hannu. Abin da ba a gaya maka ba shi ne a sito yake, bargo da takalma yake ƙirgawa. Bakinsa bai iya a'a ba. Zai karɓi ambulan ɗin takardunka ya cusa a ƙarƙashin kujerar babur, ya dafa kafaɗarka ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne, ƙanena. Kira ni ranar Litinin."

Ranar Litinin waya a kashe. Talata tana shiga, ba a ɗauka. Laraba ya ɗauka da ƙaramar murya, "Muna mitin da Oga," alhali kana jiyo mai shayi yana kaɗa ƙwai a bayansa. Daga nan ka shiga bin tarihin Ogan da ba ka taɓa gani ba. Oga ya tafi Abuja. Oga ya dawo amma bai huta ba. An yi wa Oga rasuwa, ba ya kyautu a tunkare shi yanzu. An mayar da Oga Maiduguri, sai dai kada ka damu, sabon ma namu ne. Ranar da ka farga an rufe shafin, shi zai riga ka mamaki: "Au, ba ka cika ta intanet ba? Haba ƙanena, ai da ka tuna mini!" Sannan ya ce ka sake kawo wasu takardun, ruwa ya taɓa na farko.

Kuɗin da yake ci ba su taka kara sun karya ba, na mai ne da na kati. Shekara yake ci, a neman da aka yanka wa iyakar shekaru. Ni a ganina ya fi ɓarawo ɓarna. Ɓarawo ka gane shi yau ka sake hanya gobe, shi wannan kuwa har ka yi aure kana gaishe shi. Kunya ce ta hana shi cewa ba shi da iko, da kuma daɗin ganin iyayen yara suna sallama a ƙofar gidansa.

Baba Saje dabam ne, ba ya son sisinka. Ya yi Laberiya da Saliyo zamanin ECOMOG, ya dawo da igiya uku da ciwon gwiwa da tsohon haushin duk wani mai anini. "Ɗana, hafsa akawu ne da aka ɗinka wa kaki. Mu ne soja." Shawararsa ɗaya ce ga kowa, ko da digirin likita ka zo: "Ka shiga ta Zariya tukuna. In kana ciki, da takardunka a hannu, su da kansu za su neme ka." Gaskiya ne akwai ƙofar hafsa ga sojan da yake bakin aiki. Abin da Baba ya tsallake shi ne sai kwamandanka ya sa hannu, sai shekarunka ba su wuce ba, sai kuma ka sake shiga layin gasa da ɗaruruwan irinka, daga duk dajin da aka tura ka. Shi kansa jiran a neme shi ya yi har ritaya ta same shi. Kada dai ka tuna masa, yana da sanda.

Sai ƙanen matar direban Janar. Janar ɗin ba shi da suna, ba a faɗa, maganar tsaro ce. An ba Madam, matar Janar, gurbi uku, biyu sun tafi, saura ɗaya, kuma wani ɗan kasuwa yana hanya da kuɗinsa, mutuncin mahaifinka kawai ake dubawa. Da yake ya san ana raba gurabe jiha-jiha, yana da ƙarin haja: jiharku ta cika, amma zai samo maka takardar shaidar asali daga wata ƙaramar hukuma. Haka ɗan Gumel zai wayi gari ɗan wani gari da bai iya furta sunansa ba, ya tsaya gaban kwamitin tantancewa a ce masa, to, gaishe mu da yaren garinku.

Mai shagon intanet ba mugu ba ne, sauri ne ya yi masa yawa. Fom ashirin a gabansa, janareta na kuka, ya mayar da watan haihuwarka rana, ya sa lambar wayarsa a madadin taka, ya ce duk ɗaya ne. Saƙon gayyatar jarrabawa ya zo, yana can ƙauye wurin biki. Sojan gona kuwa a Facebook da WhatsApp yake zaune, da hoton wani kanar da ya tsinta. Yana taya ka murna sunanka ya fito, tun kafin ka cika fom, sai dai ka turo kuɗin kaki da takalmi kafin azahar. Kanar guda, kuma yana roƙon ka haɗa masa da kati na ɗari biyar.

Akwai masu gyaran jiki ma. An ce namiji kada ya gaza mita 1.68, to ga mai ƙara tsawo, zai sa ka reto a reshen mangwaro kullum da asuba, ya haɗa ka da garin magani a sha da nono. Maƙwabcinsa yana da jiƙon da yake wanke jini kafin gwajin ciwon hanta. Saje mai riƙe da sandar awo ya ga irinsu da yawa, abin da zai fara yi shi ne ya danna gashin da ka tara ya ce ka sauke dunduniya.

Gwanin duka shi ne Alhaji Mai Amana, kuma dole a sara masa. Ba ya ɓoye gidansa, ba ya kashe waya, yana sahun farko a masallaci. Sharaɗinsa a fili yake: ka ajiye kuɗi, in yaro ya samu sun zama nasa, in bai samu ba a zo a karɓa. Zai tara na yara goma sha biyar. Daga nan ba zai je ko'ina ba. Ba zai kira kowa ba, don bai san kowa ba. Zai zuba kuɗin a hatsi, ya jira farashi ya tashi, yara kuma su je su yi jarrabawarsu, a auna su, a ɗebi jininsu, su yi gudu har su ga taurari da rana.

Sunaye su fito. A cikin goma sha biyar ba a rasa ɗaya mai ƙwaƙwalwa da ƙafa wanda ya ci da guminsa. Wannan na Alhaji ne. Uban zai zo da rago, kuma ranar faretin yayewa a Kaduna Alhaji yana cikin hoto, babbar riga ta rufe rabin sabon laftanan. Sauran goma sha huɗu kuwa ya kira iyayensu ɗaya bayan ɗaya, ya shimfiɗa musu darduma, ya sauke murya.

"Alhaji, wallahi sunan yaronka ya shiga. Da idona na gani. Daren ƙarshe aka zo daga sama aka cire."

"Allah Sarki. Haka Allah ya so."

"Ga amanarka. Na ɗan cire abin da aka kashe a zirga-zirga."

Uban ya ƙirga, ya ga kashi ɗaya cikin biyar ya tafi, ya rasa bakin godiya, don a zamanin nan wa yake mayar da kuɗi? Ya fita yana gaya wa duk majalisar unguwa cewa har yanzu akwai mutanen kirki a ƙasar nan. Kafin ya hau babur ya juyo.

"Af, Alhaji, ƙanensa ma bana yake gama bautar ƙasa."

"Turo mini shi da wuri. Ka san gurabe ba sa jira."