Riyal Na Tsaye, Mu Ne Ke Rawa

Duk wanda ya daɗe a Riyad ya san kuɗin ƙasar nan ba ya motsi. Tun 1986 aka ɗaure riyal a gindin dala, riyal 3.75 a kan dala ɗaya, kuma har yau yana nan inda aka turke shi kamar ragon layya. Farashin mai ya faɗi a 2014, ya sake faɗuwa warwas a 2020, riyal ko gezau. Amma ka je Baɗha ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin da 'yan ci-rani ke cika layukan tura kuɗi gida, ka dubi fuskokin mutanenmu. Sai ka rantse abin da ke aljihunsu ƙanƙara ce aka bari a rana. Albashinmu a nan yake, zuciyarmu tana can, zaman namu kuma a kan kati ɗaya yake rataye, wato igama, wadda in wa'adinta ya cika ba a sabunta ba, sai haɗa kaya.

Shekarun da na yi ina shan shayi da 'yan uwa, daga Manfuha har Ulayya, sun nuna mini kowa da irin jiƙon da yake sha wa wannan fargaba.

Wanda za ka fara cin karo da shi shi ne Alhaji Kalkuleta. Bawan Allahn nan bai taɓa sayen ruwan gora ba sai ya juya kuɗin zuwa naira. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, riyal bai wuce naira 120 da 'yan kai ba, kuma Alhaji yana cin abincinsa lafiya lau. Da aka saki naira ta yi iyo da kanta, ta nutse har dala ta haura 1,500 a farkon 2024, riyal ya koma naira 400. Ranar ya yi arziki, ranar kuma ya daina cin nama. A kai shi gidan kabsa a ce faranti riyal 25, sai ya runtse ido ɗaya, leɓe na motsi kamar mai lazimi, can ya ce, "Dubu goma! Shinkafa da rabin kaza dubu goma? Wallahi a Kurna da kuɗin nan layinmu kaf zan ciyar." Rabonsa da Kurna shekara uku, bai san dubu goman a can ma ta zama abin tausayi ba. Da asuba, kafin ya gaida mahaifiyarsa, sai ya kira yaronsa na Wapa ya ji yadda kasuwar canji ta kwana. In naira ta faɗi, a majalisa ya yi ta salati yana cewa ƙasa ta lalace, amma ka lura da gefen bakinsa. In ta farfaɗo, ranar ciwon kai yake wuni da shi. Abokin ɗakinsa mutumin Maraɗi ne, sefarsa na ɗaure a gindin yuro, don haka yana kallon Alhaji yadda na kan tudu ke kallon mai iyo.

Shi kuwa Bankin Dangi ba shi da lokacin lissafi, don kuɗin ba sa kwana a hannunsa balle a ƙirga. Ma'aikatan gwamnati a nan ranar 27 ga wata ake biyansu, kuma akwai ƙauyuka a ƙasar Katsina da suka fi ma'aikatar kuɗin Saudiyya kiyaye wannan rana. Tun 25 ga wata gaisuwa ke fara sauka a WhatsApp, saƙon murya mai minti bakwai, shida na addu'a, na bakwai na magana. "Yaya, ya ƙasa mai tsarki? Don Allah in ka shiga Harami ka sa mu a addu'a. Af, na ce ba, maganar kuɗin makarantar su Abba..." Ya gaji da bayanin cewa tsakanin Riyad da Makka tafiyar kusan kilomita 900 ce, shi kansa sai ya yi tanadi yake zuwa umara. A wurinsu Saudiyya unguwa ɗaya ce: Ka'aba a tsakiya, Ronaldo a gefe, Yaya a ɗaya gefen yana kwasar riyal da shebur. Tun da Ahmed Musa ya buga wa Al-Nassr daga 2018 zuwa 2020 yaran gidan suka yanke hukunci cewa duk ɗan Najeriyar da ke Riyad albashinsu ɗaya.

Haihuwa tasa ce, ragon suna nasa ne, lefen ƙanin matar kawunsa ma a wuyansa. Akwai wata gwaggo da ya biya wa aikin ido sau uku, alhali idanun biyu ne. Ina yi masa dariya, amma da rabin baki, domin buhun masarar da yake saya shi ke riƙe da gidaje huɗu, musamman tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Laifinsa ɗaya ne: bai taɓa auna wa zumunci mudunsa ya ce iyakarsa ke nan ba, rumbun ya bari a buɗe. Watan da kwantiraginsa ya ƙare yana jiran sabo, wayar ta yi tsit kamar an ɗauke wuta.

Maƙwabcinsa a layin tura kuɗi shi ne Mai Gini Ta Waya. Shekara takwas yana gina gida a bayan gari ta hannun ƙaninsa, kuma ya san kowane bulo da sunansa, a hoto. An yi fandisho, an kai linta, an tsaya saboda siminti ya tashi, an sake kai linta. Lintar nan an kai ta ya fi sau huɗu. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ga hoton, "Ka ga nan falo, nan ɗakin Hajiya." Wani ɗan Zariya mai ido ya taɓa tambayarsa me ya sa bishiyar darbejiyar ƙofar gidan take sauya wuri daga hoto zuwa hoto. Gaba suka yi wata biyu. Da ya je hutu ba sanarwa, ya tarar da filin, Alhamdulillahi filin na nan, da bulo layi uku da akuyar maƙwabta a cikin ɗakin Hajiya. Ƙanin kuwa ya yi ƙiba, ya ƙara aure, ya tarbe shi a mota mai sanyi. Aka taru aka ba shi haƙuri, aka ce ɗan uwa rabin jiki. Ya dawo Riyad ya fara sabon gini, wannan karon ta hannun surukinsa.

Ɗan Huɗu-Huɗu yaro ne, bai san wannan wahala ba, shi nan ya ga wurin zama. Tun da ya gano Tabby da Tamara, masu raba maka kuɗin kaya gida huɗu, ya daina ganin farashi, rubu'insa kawai yake gani. Waya huɗu-huɗu, turare huɗu-huɗu, takalmi huɗu-huɗu, har aka wayi gari huɗu-huɗun suka haɗu suka fi albashin. Harajin kaya da ya fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018 ya koma 15 a watan Yulin 2020, shi bai ji a jikinsa ba, domin bai taɓa karanta rasit ba. Lokacin bikin Riyadh Season a Boulevard yake kwana yana ɗaukar hoto, hotunan nan kuwa su ke ƙara wa Bankin Dangi aiki, don a gida cewa ake yi, "Ga sa'anka nan yana facaka, kai kana cewa babu." In ka yi masa maganar gobe sai ya ɗaga kafaɗa ya ce arziki na Allah ne. Gaskiya ne. Amma saƙon tunin biya ba ya zuwa sai a wayarsa.

Ɗan Mainin, mai haƙar kirifto a waya, ba sai na daɗe a kansa ba, kowa ya san shi. Shekaru ya yi yana danna Pi kowace safiya, ya dangwali Hamster a 2024 har babban yatsansa ya yi kanta, aka biya shi abin da bai kai kuɗin shawarma ba. MMM ta cinye shi a 2016, CBEX ta cinye shi a 2025, kuma duk sau biyun cewa ya yi matsalar ita ce bai shiga da wuri ba. Yanzu haka yana da wata sabuwar harka, ya ce saura gurbi biyu.

Akwai kuma Malam Gobe-Zan-Tafi, wanda nake ji da shi har raina. Shekara ashirin da biyu a Riyad, akwatinsa bai taɓa hawa saman kwaba ba, yana bayan ƙofa a shirye. Katifarsa da firjinsa daga Haraj Bin Ƙasim ya sayo su, kasuwar gwanjo, don a cewarsa mai tafiya ba ya sayen sabo. Da aka fito da harajin iyali a watan Yulin 2017, riyal 100 kowane kai a wata, ya ce za a janye. Aka mai da shi 200, aka mai da shi 300, ya tsaya a 400 a 2020. Mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, riyal 2,000 ke nan duk wata, 24,000 a shekara, kafin a yi maganar haya, wadda ta yi ta hawa har sai da hukuma ta dakatar da ƙarinta a Riyad na shekara biyar a watan Satumbar 2025. Malam ya sa iyalinsa a jirgi ya ce su yi gaba, yana nan tafe bayan Salla. Bai faɗi wace Sallar ba.

Duk dogaronsa a kan kuɗin sallama yake. Dokar ƙwadago ta ce rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Mai riyal 8,000 da ya yi shekara goma zai tashi da 60,000, in ba shi ya ajiye aikin da wuri ba. Malam ya haddace wannan lissafi fiye da lambar wayarsa, kuma a cikin kansa ya kashe kuɗin sau uku: ya buɗe shago a Kantin Kwari, ya sayi gona a hanyar Bichi, ya aurar da 'yan mata biyu. Ba ya son a ambaci Saudi Oger a gabansa, katafaren kamfanin gine-ginen nan na Riyad da ya durƙushe a 2017 bayan ma'aikatansa sun yi watanni ba albashi. In an ambata sai ya tashi ya ce zai sake alwala.

Duk waɗannan maza ne, ka lura, kuma duk sun iya magana. Wadda ta fi mu duka ba ta zuwa majalisa. Hajiya ce, da aikin shagala ta fara a gidan Larabawa, albashinta bai kai abin da wasunmu ke kashewa a man mota da shayi ba. Ba ta san me ake kira hauhawar farashi ba, amma duk wata uku sai ta shiga kasuwar gwal ta fito da ɗan kunne ko zobe, ta ƙulle a tsumma, ta sa a ƙasan akwati. Muna yi mata dariya muna cewa kwalliya ce. Da gwal ya haura dala 3,000 a kan oza a watan Maris na 2025, ya zarce 4,000 a watan Oktoba, dariyar ta koma ciki. Yanzu ita ke tambayar malamai yadda ake fitar da zakka in gwal ya kai giram 85, tambayar da Alhaji Kalkuleta bai taɓa bukatar yi ba. Ita ce kuma uwar adashi, abin da Larabawa ke kira jam'iyya. Littafinta a ka yake, ba ta taɓa ɓata zubin kowa ba. Sau ɗaya aka taɓa cin ta, lokacin da wata ta kwashi ɗauka, bayan kwana tara jawazat, wato jami'an shige da fice, suka kama matar ba takardu aka kai ta tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Hajiya ta sayar da awarwaro biyu ta cike gurbin, ba ta faɗa wa kowa ba sai da aka shekara. Tun daga nan wanda igamarsa ta kusa ƙarewa ɗaukar ƙarshe take ba shi, ko da limami ne. Rauninta biki. In 'yar ƙanwarta za ta yi aure a Sakkwato, kayan ɗakin da take aikawa sai ka ɗauka gidan sarki za a kai amaryar.

Saura mutum ɗaya, Mai Nasiha. Shi ne mai cewa a ajiye kuɗin cin wata shida a gefe kafin a sa bulo ko ɗaya, a yanka wa dangi kasonsu a tsaya a kai, kada a zuba ƙwai duka a naira ko duka a riyal, a je a ga fili da ido kafin a biya, a riƙa ajiye kuɗin tikitin komawa gida inda hannu ba ya kai wa. Duk maganarsa daidai ce, ba inda za ka kama shi. Yana da littafi mai layi-layi da biro kala uku. Har rubutu yake yi a mujalla a kan halayen mutane.

Watan jiya aka ce masa sabunta igamar iyali ya zo, a daidai lokacin da kuɗin wata shidan suka tafi wata harka da wani amini ya rantse ba ta faɗuwa. Da daddare, bayan ya tabbata ba wanda ya gan shi, ya buga wa Hajiya waya. Na yi gaisuwa ta minti shida. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Malam, wuce addu'ar. Nawa ne, kuma yaushe igamarka za ta ƙare?"