Na'urar da Ta Raba Ni da Tuwon Matar Yaya

Intanet ɗin gidanmu yana da lokacin suma. Da rana lafiya lau, amma da an idar da sallar magariba sai bidiyo ya tsaya yana ta juyi, saƙon WhatsApp ya maƙale. Da yake ni ne na taɓa gyara wa Baba rediyo (batir kawai na sauya), sai Yaya ya ce, "Kai ne injiniyan gida, ka gano mana."

Wani abokina mai haɗa intanet a ofisoshi ya ara mini na'urar gwajin waifai, 'yar hannu mai ƙaramin allo. Ya ce kuɗinta ya fi na babur ɗina, idan ta faɗi kada in wahalar da kaina da dawowa. Ya koya mini karatunta: lambobin suna ɗauke da alamar ragi, -40 sabis ne garau, -67 zai ja bidiyo, -80 kuwa sai haƙuri.

Na fara daga zaure, na'ura a gaba, ina tafiya a hankali, yaran gida na biye. A bayan tankin ruwa ta nuna -85, domin ruwa yana shanye siginar, haka ma katangar siminti da kwanon rufi. Ina tsaye ina nuna bango da ita sai Inna ta fito da buta. "Kai, wani abu aka binne mana?" Kafin in amsa ta fara addu'a tana tofawa. Da na leƙa waje kuma, maƙwabcinmu ya hango ni da na'ura kusa da turken wuta. Ya ɗauka masu yanke wuta ne suka zo, ya haye tsani a guje ya cire wata waya da ba wanda ya san da ita a unguwar sai ranar.

Na'urar ta jero mini waifai na maƙwabta, har da wanda aka sa wa suna "Sayi Naka". Kusan duka sun cunkushe a tasha ta 6. A zangon gigahaz 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa hawan juna: 1, 6 da 11. Na mayar da rautarmu kan 11, na sanar cewa an gama, har Baba ya sa mini albarka. Ana idar da magariba intanet ya sume.

Abin da ya ɗaure mini kai, allon yana nuna -55, amma ba abin da ke wucewa. Na kira abokina. Ya ce sigina na nan, wani abu ne da ba waifai ba yake cika iskar da hayaniya, in bi inda hayaniyar ke ƙaruwa. Na bi. Tsakar gida, ƙofar sashen Yaya, sai kicin ɗin amaryarsa. Yara na bayana, Inna na bayan yara, Yaya na bayan Inna. Na banka ƙofa na ce, "Na kama shi!"

Maikirowef ce, cikin kayan ɗakinta, tana ta gurnani. Irin wannan na'ura a gigahaz 2.45 take aiki, wato tsakiyar gonar waifai, ga shi rautar a jikin bangon kicin aka kafa ta. Wannan duk da sauƙi. A gefe ga robobin gidan abinci a jere, da leda mai tambari, ga kula a buɗe tana jiran a juye. Wannan fa ita ce miyar da Yaya yake cika mana baki da ita tun ranar da aka kawo amarya, yana cewa ko a gidan sarki ba a irinta.

Kicin ya yi tsit. Anti ta dube ni, ta dubi na'urar, ta ce, "Sannu da aiki, ƙanen miji." Inna ta ɗaga roba ɗaya tana karanta farashi.

Washegari na mayar da wayoyinmu kan gigahaz 5, inda maikirowef ba ta da iko, ko da yake ba ya ratsa katanga sosai. Yanzu intanet na gudu har bayan isha'i. Abincin dare kuwa a wurin mai shayi nake ci, kuma maƙwabcinmu ya daina amsa gaisuwata.