Zuwa ga Taubashina, Maharbin Shagari

Taubashi, gaisuwa daga Bodinga. Labarinka ya riga ka isowa. Direbobin hanyar Sakkwato zuwa Jega sun ce tun da ka sayi babbar waya, ba ka da hira a majalisa sai ta injinan ɗura harsashi na Amurkawa.

Wai har ka raba musu sarauta. Dillon, shuɗin nan na Arizona, shi ka naɗa sarki, ka ce aibinsa tsada. Hornady ja ka ba shi waziri. Lee kuwa ka taɓe baki ka ce na talaka ne, kai da har yau mai shayi yake bin ka bashi! An ce har miƙewa kake yi kana kwatanta yadda faifan ke juyawa da kwanso huɗu ko biyar, duk jan hannu ɗaya harsashi ya faɗo, sai ka ce Inna tana murza taliya.

To ɗan kawu, me za ka ɗura? Injin nan tsohon kwanson ƙaramar bindiga yake sake cikawa. Taka kuwa adaka ce da Kaka ya bari, ta baki ake ɗura ta, tun da maƙeri ya sauke ta daga uwar maƙera ba ta taɓa ganin kwanso ba. Jaki gare ka, kana gardamar wace taya ta fi ƙarko.

Kuma Ba'amurken da kake kallo dokar ƙasarsa ce ta sakar masa mara. Mu nan dokar makamai ta 1959 ta sa ƙaramar bindiga cikin haramtattu, adakar ma sai da lasisin 'yan sanda. Ƙera harsashi aikin hukuma ne, shi ya sa aka kafa DICON a Kaduna a 1964. A wannan marra ta 'yan bindiga, in aka tsinci injin a ɗakinka, kada a aiko Bodinga neman mai beli, na tafi Sifawa ziyara.

Garinku da alli aka san shi. Shugaban da kuka ba ƙasa a 1979 malamin makaranta ne, ba wanda ya ce maharbi ne. Ni shaida ne: bara a fadama ka auna zabuwa, ka ja kunama, gari ya ɗauka. Da hayaƙi ya washe, zabuwa tana kiwonta, kai kana laluben hularka cikin ciyawa.

Watan cika-ciki ya kusa. Ka aiko mini da kuɗin sharata lakadan, kada ka ce in jira naman daji.