Masu Ƙera Matsafi Mai Sanɗa

Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, da wuya ka sami ɗan wasan da littafin dokoki ya ishe shi. Wasan na zaman tebur ne: mutum huɗu ko biyar, kowa da jaruminsa a takarda, jagora yana ba da labari, ɗan ludo mai fuska 20 yana raba gardama. Kowane jarumi da sana'arsa, akwai mayaƙi, akwai matsafi, akwai ɓarawo, wanda shi sai a 1975 aka shigo da shi cikin ƙarin littafin Greyhawk. Amma akwai sana'a ɗaya da kowa yake jin shi kaɗai zai iya ƙera ta daidai a ɗakinsa: matsafin da ba a ganinsa, ba a jin takunsa, wato mai layar zana da baduhu a aljihu guda. Na daɗe ina jagorantar tebur, kuma takardun wannan matsafi da aka miƙo mini sun isa mai ƙosai ta yi wata guda tana ƙunshi da su.

Wanda ya fi kowa zuwa shi ne Ci-duka. A bugu na biyar na wasan, na 2014, an raba arziki da gangan. Mayaƙi yana auna ƙarfin jikinsa da ɗan ludo mai fuska 10, ɓarawo mai 8, matsafi kuwa mai 6, don shi ya sami tsafi har daraja ta tara sai aka bar shi da jiki kamar karan dawa. Ɓarawo ba shi da wannan tsafin, amma yana da sukar bazata da take kai 'ya'yan ludo goma a mataki na 19. Ci-duka ya duba rabon nan ya ga zalunci. Jaruminsa yana da jikin mayaƙi, da sukar ɓarawo, da tsafin matsafi cif. Tsafin ɓacewa na littafi yana warwarewa da zarar ka kai hari. Nasa ba ya warwarewa, kuma tun matakin farko yake da shi. Na ce masa, "Mutumina, to ina rauninsa?" Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya ce, "Ba ya yarda da mutane." An ce taura biyu ba ta taunuwa, shi biyar ya cusa, yana kuma tambaya ko akwai saura.

Abin da ya fi ba ni dariya a takardarsa shi ne maganar murya. Yawancin tsafin wasan sai an furta shi da baki, a fili. Nan ne duk daɗin wannan sana'a yake: ga ka a bayan labulen sarki, dogari yana taku uku daga gare ka, kana buƙatar tsafi, tsafin kuma yana buƙatar ka buɗe baki. Littafin ma ya ba wani irin matsafi, matsafin gado, hanyar yin tsafi shiru, amma sai ya biya maki ɗaya daga ɗan abin da yake da shi. Ci-duka ya kashe wannan duka da layi guda: nasa tsafin ba ya buƙatar murya. Ya cire ƙashi daga miya, ya haɗa da naman.

Sai Akawu. Shi da kwamfuta yake zuwa. Ya san ɗan ludo mai fuska 6 yana ba da 3.5 a matsakaici, goma kuwa 35, ya jera ɓarnar jaruminsa daga mataki na 1 zuwa na 20 cikin jadawali mai launi uku. Komai ya daidaita. Ka tambaye shi sau nawa aka buga wasa da shi, sai ya ce yana kan gyara na sha ɗaya.

Marubuci kishiyarsa ne. Shafi goma sha biyu na tarihi: maraya ne, an ƙone garinsu, wata ƙungiyar asiri ta raine shi a ƙarƙashin ƙasa, baƙar alkyabba yake sawa, kuma in an shiga masauki a kusurwa mai duhu yake zama. Na lura masaukin duniyar nan kusurwa huɗu gare shi kamar kowane ɗaki, marayun kuwa sun fi ƙarfin kusurwoyin. Dokokin sana'ar suna shafi na ƙarshe, layi biyu, ɗaya ma cewa yake za a ƙarasa daga baya.

Akwai wanda nake tausaya wa, Ihu-bayan-hari. Ya yi wata biyu yana wahala, ya zo da ɓarawo mai ɗan tsafin ruɗin ido da juya tunani, da hannun iska da ba a gani mai zare jaka daga ƙugun mutum. Aiki mai kyau. Sai ka buɗe masa littafin 'yan wasa na 2014 ka nuna masa Arcane Trickster, mai wannan hannun, mai wannan tsafin, tun mataki na uku. In ya ce nasa ya fi karkata ga tsafi, ka tuna masa da sana'ar Beguiler ta 2006. Sai ya ce ai nasa sunan daban ne. Gaskiya ne, sunan daban ne.

Matsoraci ya ji yadda aka yi wa Ci-duka dariya, sai ya kawo matsafin da yake ɓacewa sau ɗaya a rana, na daƙiƙa shida, bayan haka ya kwanta jinya.

Amma wanda ya fi cin raina, Allah ya sani, shi ne Tafi-ka-bar-mu. Takardarsa ba ta da aibi a lissafi. Aibin yana fitowa ne a tebur. An iso ƙofar gidan dodo, sai ya ce, "Ku jira ni nan, in leƙo." Minti arba'in yana bin lungu shi da jagora, yana jefa ɗan ludo, yana buɗe akwati. Sauran huɗun sun cinye gyaɗa, sun shiga waya, mayaƙin da sulkensa yake ƙara kamar kwanukan amarya ya fita sayo lemo bai dawo ba. Alhali a littafin akwai tsafin da yake ƙara wa dukan ayari maki 10 a sanɗa, har mai sulken ya wuce ba a ji shi ba. Tafi-ka-bar-mu bai taɓa sa irinsa a takardarsa ba, ko da kuskure.

Na kusa manta Sarkin Suka, wanda bai taɓa ƙera ko ɓera ba. Kafin ka gama miƙa masa takarda ya ce ta yi ƙarfi da yawa. Wata rana na miƙa masa dokokin ɓarawo na littafi, na canza suna kawai. Ya ce wannan zai rusa wasa.

Kai da kake shirin kawo mini naka ranar Asabar, ka taimake ni: kada ya wuce shafi biyu, ka rubuta abin da ba ya iyawa a layin farko, ka kuma zo da gyaɗar waɗanda za su jira ka.